Bakina Naku, Ƙuguna Nawa?

A garin Townsville babu shagon da Noeleen Pascoe ba ta taka ba, kuma babu mai shagon da ya san ta. Sana'arta ke nan. Wani kamfani ke tura ta sayayyar leƙen asiri: ta shiga kamar kowa, ta yi ciniki, ta fito ta kai rahoton wanda ya gaishe ta da wanda ya ɗaure mata fuska. Tsohuwa da koɗaɗɗiyar hula da silifas, wa zai kalle ta sau biyu? Tun rasuwar mijinta, wannan aikin ne ke fitar da ita daga gida, kuma tana son sa kamar ranta.

Wata rana aka tura ta shagon kayan lambu. Umarnin shi ne ta tsaya gaban buhunan taki, in ba wanda ya kula ta, ta ɗaga ɗaya da kanta a ga ko za a kawo mata ɗauki. Ta tsaya har ta gaji. Tana ɗagawa ƙafarta ta zame a ruwan da aka ba shuke-shuke, sai ga ta a ƙasa, buhu a kanta, ƙugu ya karye. Abin haushi, tana nishi amma idonta na kan ma'aikatan, tana lura da wanda ya fara rugowa. Hali zanen dutse ne.

Tana gadon asibiti Craig, wanda ke raba musu aiki a kamfanin, ya bugo waya.

"Sannu Mama, ba mu ji daɗi ba. Sai dai kin san ke ba ma'aikaciyarmu ba ce. 'Yar kwangila ce ke, kanki kike wa aiki. Inshorarmu ba ta shafe ki ba."

"To wa ya ce in ɗaga buhun? Kakata?"

"Ki nemi masu shagon mana. Amma kada ki ce mu muka aiko ki. Kin yi alkawarin riƙe sirri, in kika faɗa aiki ya ƙare."

"Au! Bakina naku ne, ƙuguna nawa?"

Lauyar da ta samu ba ta ɓoye mata ba: muddin ba ta faɗi wanda ya aike ta ba, kamfanin ya sha. In kuma ta faɗa, ko ta yi nasara a kotu ko ta faɗi, ba mai sake ɗaukarta. Noeleen ta yi kuka sosai, don tana tsoron zaman gidan nan shiru fiye da ciwon.

Da ta fara takawa da sanda, ta zaɓi safiyar Asabar, lokacin da ake gasa naman soseji ana sayarwa a ƙofar shagon da ta faɗi, jama'a sun yi layi. Ta ɗingisa har tsakiyarsu ta cire hular, ta fuskanci ma'aikatan shagon.

"Ku kalle ni da kyau! Sunana Noeleen Pascoe, kamfani ne ya turo ni in leƙi asirinku. Ruwanku ya kayar da ni, buhun da kamfanin ya ce in ɗaga ya danne ni, kowa kuma ya ce bai san ni ba!"

Kafin yamma Craig ya bugo, murya a sanyaye, ya ce an cire sunanta.

"Cire, ɗan nan, cire," in ji ta. "Amma ranar shari'a kada ka aiko kowa, ka zo da kanka. So nake ka ga yadda nake tafiya yanzu."