Manhajar Da Ba Ta Faɗin Mugun Labari

A gidan su Ɗayyabu, can unguwar Yara a Keffi, ba a taɓa yin rashin lafiya ba. Ana dai kwanciya, ana ramewa, wani lokaci har a kai mutum makabarta, amma duk wanda ka tambaya zai ce maka da sauƙi. Mahaifinsa, Malam Sadiƙ tela, ya taɓa ƙona babbar rigar wani ango da dutsen guga ana gobe ɗaurin aure, da angon ya aiko a ji labari sai ya ce a gaya masa aiki ya yi kyau, saura ɗan gyara. A wannan makaranta Ɗayyabu ya yi karatu, kuma ya fito da sakamako mai kyau. Tun yana yaro in ya fasa tulu, cewa yake ruwa ne ya ɗan ragu.

Uwarsa ta rasu yana ƙarami, cikin irin sauƙin nan nasu, sai ƙanwar babansa Goggo Huraira ta goya shi, ta yaye shi, ta riƙa jan kunnensa har ƙofar aji. Da ya gama sakandare ya maƙale a wani shagon buga takardu kusa da jami'a, yana buga wa ɗalibai aikin da za su rantse da Allah su suka yi. A nan ya saba da kwamfuta, a nan kuma ya koyi haɗa manhajar waya daga bidiyoyin da yake kallo da datar mai shago. Unguwa ta naɗa shi Injiniya tun bai haɗa komai ba, har tsofaffi na kawo masa tocila da rediyo. Bai taɓa ce wa kowa bai iya ba, sai dai ya ce a dawo jibi.

Daga baya ya haɗa kai da Lea, wata 'yar ƙabilar Mada da ta karanci kwamfuta da gaske, suka kama ɗan shago a hanyar Akwanga. Manhajarsu ta masu kiwon kaji ce. Ka shigar da ranar da ka kawo 'yan tsaki, ita kuma ta riƙa buga maka ƙararrawa duk ranar da rigakafi ya kama. Wadda ta fara sa ta a waya ita ce Goggo Huraira, wadda a lokacin take zaune a garin Gitata bayan rasuwar mijinta. Kajin nan su ne cinta, su ne suturarta, su ne kuma bakin maganarta a dangi, don ta rantse ba za ta zauna jiran ɗan kowa ya aiko mata da cefane ba. Ranar da Ɗayyabu ya sa mata manhajar, ta daina lissafin kwanaki da kanta. Ta ce ina amfanin rainon Injiniya in har mutum zai ci gaba da wahalar da kansa.

To, kowace manhaja tana da abin da masu sana'ar ke kira log, wato bayanin da take rubuta wa mai ita a ɓoye, na abin da ta yi da abin da ya gagare ta, don in ta lalace a wayar wani can nesa a san inda za a taɓa. Ɗayyabu ya tsara nasa bisa tarbiyya. In an buɗe manhaja, ta rubuta bismillah. In abu ya yiwu, ta rubuta alhamdulillahi. In kuwa abu ya rushe, ya wargaje, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ta rubuta da sauƙi, ta wuce abinta. Babu lokaci, babu irin wayar, babu wurin da abin ya faru. Manhaja ce mai kunya, wadda aka yi wa tarbiyyar gidan mutunci.

Ranar da Lea ta fara leƙa log ɗin, sai da ta cire tabarau ta goge.

"Oga Ɗayyabu, abeg, wannan mene ne?"

"Log ne mana."

"Na san log ne. Da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi. Me ya yi sauƙi? A wayar wa? Yaushe?"

"Lea, baki shi ke yanka wuya," in ji shi, cikin muryar mai wa'azi. "Ba a yi wa sabon abu mugun baki."

"Ko likita ka ce masa da sauƙi, farasitamol zai ba ka ka tafi gida ka mutu," ta ce. Ta zauna ta yi masa dalla-dalla: a raba abin da ya tafi daidai da wanda ke neman lalacewa da wanda ya riga ya lalace, kowanne da lokacinsa da irin wayar da inda ya tsaya, kuma kada a sa sunan mutum ko lambarsa, don ba gulma aka aiki manhaja ba. Ɗayyabu ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai, sannan ya ce za a duba. Duk wanda ya zauna a Keffi ya san da wannan kalma ake yi wa magana sutura a kai ta makwancinta.

Abin da ya duba shi ne ado. Ya ƙara wa manhajar hoton zakara mai fiffika fukafukai in an buɗe, ya tura sabon zubi ga kowa, yana ta jin daɗin kansa. Bai san garin sa zakaran ya taɓa wurin da ke saita ƙararrawa ba, ta yadda a tsofaffin wayoyi ta daina saituwa sam. Manhaja kuwa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, kullum tana aiko da rahoto. Da sauƙin nan ya yi ta ƙaruwa, layi bisa layi, har Ɗayyabu ya juya wa Lea kwamfuta yana murmushi ya ce ta gani, sauƙi sai daɗuwa yake.

Wata ranar Talata da hantsi Goggo Huraira ta kira shi. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen Yara ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce, "Injiniya, wayar nan taka kwana biyu ba ta yi mini kuka ba."

"Ai lokaci ne bai yi ba, Goggo. Ya kajin?"

"Da sauƙi," ta ce.

Shi ɗan gidan ne, ya san sauƙi iri-iri ne, akwai na mura, akwai na a kira dangi, kuma a murya ake bambance su. Wannan na a kira dangi ne. Ya buɗe log, yana neman abin da ya faru a wayar Goggo, sai ya tarar da tarbiyyarsa tana kallonsa, layi ɗari bisa ɗari, duk iri ɗaya, ba murya, ba fuska. Bai ma san wanne ne nata ba. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ya kuma ji haushin kansa.

Lea ba ta ce ai na faɗa maka ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Ta aro tsohuwar waya wurin mai shayin bakin titi, ta sa manhajar ta riƙa faɗin gaskiya, kafin shayin da ta saya ya huce ga laifin ya fito ɓaro-ɓaro: ƙararrawa ta kasa saituwa, a wuri kaza, a waya iri kaza. Suka wuni suna kiran masu kaji na garin Agwada da kewaye, Lea na cewa manhaja ta lalace, a duba ranar rigakafi, Ɗayyabu na cewa an ɗan samu 'yar tangarɗa. Yawancinsu Allah ya rufa asiri, ba su da ƙananan tsaki a lokacin.

Goggo Huraira tana da su, ga wayarta tsohuwa, kuma ranar rigakafin cutar gumboro ta wuce tun tuni. Da ya sauka a Gitata washegari, wari ne ya fara yi masa maraba. Tsakin da suka rage sun takure a lungu, fukafukai a sake, ido a rufe. Goggo ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi Lea, ta ce ya rame. Ya buɗe baki zai ce 'yar tangarɗa, sai ya fasa.

"Goggo, manhajata ce ta lalace. Ni na ɓata ta. Ta yi ta faɗa, ni ne na hana ta faɗa yadda za a ji."

"Kul," ta ce. "Kar in ƙara ji. Kwanansu ne ya ƙare." Sannan ta miƙa masa shebur, ta nuna masa bayan gida, ta ce ramin da ta binne na jiya ya cika, ya haƙa wani.

Yau in ka ga log ɗin Ɗayyabu sai ka rantse ɗan sanda ne ya rubuta. Komai da lokacinsa, da wurinsa, da girman laifinsa, ba kara ba kunya. Matasan da ke zuwa koyon aiki yana yi musu huɗuba a kai har su gaji, kamar shi ya ƙirƙiro abin. A baki dai yana nan yadda yake, in mota ta taka shi zai ce ƙafa ce ta ɗan yi nauyi.

Bayan damina ya koma Gitata da gyararriyar manhaja. Goggo ta sake zuba tsaki, 'yan kaɗan, a kwali. Ta ba shi wayar ya sa mata, ya gwada ƙararrawa a gabanta har sau biyu, tana ta sa masa albarka. Suna cikin haka sai muryar maƙwabciyarta Anjelina ta tsallako katanga.

"Mama Huraira! Gobe rigakafi fa, kin ce in riƙa tuna miki!"

"Na ji, Allah ya biya ki!" Goggo ta amsa, ba ta ko dubi inda yake ba.

Ɗayyabu ya daɗe yana kallon wayar. Kunya ta rufe shi, ya ce a hankali, "Goggo, ko in cire miki ita? Tana cin wuri."

Ta karɓe wayarta da sauri, ta goge fuskar da bakin zane.

"A'a, bar mini kayana. In baƙi sun zo ina nuna musu zakaran, in ce ɗana ne ya yi."