Geron da Na Binne da Hannuna

Shekara uku na yi ina riƙe da lakile, wato mabuɗin wani ɗaki a gefen lakol, makarantar bokon garinmu, wani ƙauye a ƙasar Dungas da ko mai kabu-kabu sai ya yi tsaki kafin ya yarda ya kawo ka. A rediyo muka fara jin gwamnati ta ware kuɗi don bincike da na'urorin zamani, wai ana son kowane ƙauye ya shiga duniyar labarai. Rabonmu a cikin wannan alheri shi ne ɗaki mai rufin kwano, da allon hasken rana biyu a samansa, da ordinatir, wato kwamfuta, guda huɗu, da tabilet ɗaya, sai wani ma'aunin ruwan sama da aka kafa a kan ƙarfe aka kewaye shi da waya don kada awaki su ture shi. Ni aka ɗauka in kula da su saboda na yi lise, babbar sakandare, a Magariya, na faɗi jarrabawar ƙarshe sau biyu, na komo gida ina noma da Faransanci a baki. Aka kai ni Damagaram na yi sati biyu ina koyon aikin.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Kowace safiya in duba ma'auni, in rubuta abin da na gani a tabilet, in aika wa masu bincike a Yamai. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba. Su kuma idan damina ta ƙarato sai su turo mini saƙo da Faransanci a kan yadda suke hangen ruwan shekarar. Mafi yawan watanni sifiri nake aika musu, kullum sifiri, kuma ba wanda ya taɓa ce mini sannu.

An ce mutane za su riƙa zuwa suna koyon ordinatir. Ba su zo ba. Abin da ke kawo su shi ne cajin waya, shi ma ta taga suke miƙowa su wuce gona ko rijiya. Ina zaune ina jin dakan mata daga cikin gari, ina jin dariyar maza a gindin bishiyar bedi, ni kuwa daga ni sai kujeru huɗu da wani ƙadangare da ya mai da bayan batir gidansa. Na yi kaɗaici a ɗakin nan irin wanda ban taɓa yi ba ko lokacin da nake baƙo a Magariya. A can dai na san ni baƙo ne. Nan garinmu ne, an san ranar da aka yi sunana, amma tun da aka ba ni lakilen nan sai aka riƙa gaishe ni kamar ma'aikacin da aka turo daga wani wuri.

Mutum ɗaya ne bai canza mini ba, Kawu, yayan mahaifiyata. Iyayena duka sun rasu, shi ya rage mini, kuma gonarsa da wadda na gada iyaka ɗaya ce a kan jigawa. Kowace shekara tare muke binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don iri ya jira ruwan fari a cikin rami. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni ina baya ina zuba iri ina rufewa da diddige. Yau gonarsa, gobe tawa. Haka ya yi da mahaifina shekara da shekaru, da mahaifina ya rasu na shiga sahunsa.

Kawu yana da wani gero da ba kowa ke da shi ba, geron kakana, mai gajeriyar zangarniya da ƙwaya jaja-jaja. Duk gari sun koma irin da ake rabawa a ƙungiyar manoma, har ni, saboda ya fi saurin nuna. Shi ya ƙi. Da kaka yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika da hannunsa, ya ɗaure, ya rataya a ƙuryar rumbu inda ko matarsa ba ta taɓawa. Ya sha gaya mini da kunun geron nan aka yaye mahaifiyata, da shi aka yaye ni.

A daminar farko ta aikina na yi wani abu da har yau idan na tuna nakan ji kunnena ya yi zafi. Saƙo ya zo cewa ana sa ran ruwa mai ƙarfi cikin kwana uku. Na sa rigata mai kyau, bayan sallar Juma'a na miƙe a ƙofar masallaci na sanar wa jama'a, har da ɗaga tabilet sama. Aka yi kwana uku, aka yi goma, ko hadari bai haɗu ba. Daga nan na sami suna, mushen ruwa, wato malamin ruwa, don mushe ake ce wa malamin lakol a wurinmu, kuma Kawu ne ya raɗa mini shi. Ma'aunin kuwa gwangwani yake ce masa. Ranar kasuwar Guci, a gaban masu goro, ya ɗaga murya ya ce, "Mushen ruwa, yau me gwangwaninka ya ce? Mu shanya daddawa ko mu kwashe?" Aka bushe da dariya. Shi wasa yake yi, na sani. Amma ni mutum ne mai riƙo, abin da aka yi mini yakan kwana ya tashi a raina. Tun ranar na rantse ba zan ƙara buɗe baki a kan maganar ruwa ba, in aika musu lambarsu, in karanta saƙonsu, in kulle ɗakina.

Damina ta biyu ba ta yi kyau ba. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara ta raba, gidan Kawu kuwa mutane da yawa. Sun ci har sun taɓa gefen iri. Abin da ya rage na geron kakana bai fi cikin ƙwarya ɗaya ba, ita ce Kawu yake jira ya zuba a ƙasa.

Ana saura 'yan kwanaki mu fita binne saƙo ya shigo. Na karanta shi sau uku. Ya ce za a yi ruwa da wuri, bayansa kuma a yi doguwar fari, don haka a shawarci manoma kada su shuka a ruwan fari, su jira na biyu. A shawarci manoma. Wa zai shawarce su? An kashe abin da aka kashe a kan na'urori da masu bincike, amma matakin ƙarshe, daga taga zuwa gindin bedi, ƙafata ce kaɗai aka bar wa. Na zauna ina kallon rubutun har allon ya mutu da kansa. Gaskiya ni ma ban gama yarda da shi ba, ai su ne suka kunyata ni a ƙofar masallaci. Sai dai na yarda da shi har na yanke a raina cewa tawa gonar ba zan binne ta ba bana.

Ranar binnen Kawu muka fita da sassafe, shi da sungumi a kafaɗa, ni da ƙwaryar iri. Da muka isa bakin gona na tsaya ina juya gero a tafin hannuna.

Na ce, "Kawu, da kun dakata bana. Ko ku raba irin nan biyu, ku ajiye rabi."

Ya waiwayo yana murmushi. "To fa. Gwangwanin ne ya ce?"

Da ya tambaya da wata murya daban, wataƙila da na faɗa. Amma na ji dariyar masu goro a cikin muryarsa.

Na ce, "A'a. Ni dai na ce."

"To kai yaushe aka haife ka? Zuba iri, ɗan ƙanwata, rana na yi."

Na zuba. Rami bayan rami, ina tsunkulo gero da yatsu uku, ina sakewa, ina turo ƙasa da diddigena ina takewa. Kafin azahar ƙwarya ta koma fanko. Kawu ya kife ta ya buga bayanta, ya yi hamdala. Da ya ce gobe sai tawa, na ce masa an ba ni aiki mai yawa a biro, ɗakin na'urorin nan, sai wani satin. Ya dube ni kaɗan, ya saɓa sunguminsa.

Bayan kwana biyar ruwa ya sauka, ruwa sosai, har ma'auni ya kusa cika. Gero ya tsiro layi-layi a gonar Kawu, tawa kuma fayau, sai ciyawa. Kowa ya wuce sai ya yi mini jaje, wasu da dariya a ƙasan baki. Wallahi a kwanakin nan addu'a nake yi masu binciken su sake yin kuskure. Na gwammace a yi ta kirana mushen ruwa har in mutu.

Ba su yi kuskure ba. Sifiri na aika ranar farko, sifiri rana ta biyu, haka har na daina duba ma'aunin da kyau, daga nesa nake hango shi a bushe. Iska mai zafi ta riƙa tasowa da hantsi tana watsa rairayi a kan tsiron. Ganyen ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Mutane da yawa sun yi asara, amma nasu irin ana samun sa a ƙungiya. Na je gonar Kawu wata la'asar na same shi a tsugune yana tona rami da yatsa, ko zai ga wata ƙwaya da ba ta tsiro ba. Duka sun tsiro, geron kirki ne.

Washegari na auna irina na kai masa rabi a gida. Yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar sungumi. Ya dubi buhun, ya dube ni.

Ya ce, "Me ya hana ka binne taka?"

Na sunkuya ina gyara bakin buhun.

Ya ce, "Ka sani ke nan."

"An aiko da saƙo, Kawu."

"Ranar da na tambaye ka, ya riga ya zo?"

Na ce ya zo. Na jira ya zage ni, da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa, can ya ce, "Ajiye nan. Allah ya yi albarka." Na fito ban san inda na sa takalmina ba.

Ruwa na biyu ya zo, muka shuka gonakin duka da irin ƙungiya, kuma an sami abinci a shekarar. Geron kakana ne ba a samu ba. Na bi kasuwar Guci, na bi ta Bande, ina buɗe bakin buhunan mutane ina neman ƙwaya jaja-jaja. Wata tsohuwa ta ce ta san shi, rabonta da shi tun tana amarya. Kawu bai ƙara ce mini mushen ruwa ba, bai ƙara cewa gwangwani ba. Yana gaishe ni, yana amsa gaisuwata, yana aiko mini da tuwo ranar salla. Ban taɓa sanin zan yi kewar zolaya ba sai da aka daina yi mini ita.

Da kaka ta wuce aka aiko da takarda cewa wa'adin shirin ya ƙare. A rediyo kuma aka ce yanzu kuɗin bincike za su tafi wata babbar cibiya da za a gina a birni. Ba wanda ya zo karɓar kaya. Aka dai yanke rezon tabilet, saƙo ya daina shigowa, nawa ma ya daina fita. Na ci gaba da buɗe ɗakin saboda masu caji, ina share ƙura a kan ordinatir, ina duba ma'auni don sabo.

Wata safiya a ƙarshen bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas, na ji sallama a bakin ƙofa, ba ta taga ba. Kawu ne. A shekara ukun nan bai taɓa taka ɗakin ba. Ya tuɓe takalmi kamar zai shiga masallaci, ya jingine sungumi a bango, ya zauna a bakin kujera ɗaya yana kallon na'urorin. Muka gaisa, muka tambayi gida, muka tambayi zafi. Sai ya nuna tabilet da haɓa.

Ya ce, "Jibi nake son fita binne. Na ce bari in fara biyowa ta nan. Me suka ce bana?"

Na ɗauko tabilet na kunna, ko da yake na san abin da zan gani. Saƙon bara ne a sama, shi ne na ƙarshe, yana nan yadda na bar shi. Kawu ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana jira in karanta masa.

Na ce, "Kawu, sun daina aikowa."