Tsarabar Gwaggo ta Fashe a Hanyar Manchester

Ba mu daɗe da barin Birmingham ba na fara jin wani siririn sauti daga jakar da ke tsakanin ƙafafuna, kamar taya na sace iska. Na taɓa jakar na ji ta ɗau zafi. Amma bari in faro muku daga tushe.

Manchester zuwa Erdington

Da asubar Juma'a maigidana ya raka ni tasha daga flat ɗinmu na bayan Oxford Road, shi kuma ya wuce jami'a. Ban cika wata biyar a ƙasar nan ba, kuma wannan ce tafiyata ta farko ni kaɗai. Gwaggo Balaraba, ƙanwar babanmu, ce ta kira ni in taya ta adana amfanin ɗan lambun da take haya a wurin council, wato ƙaramar hukuma, kafin sanyi ya shigo. Na sauka Birmingham da hantsi, na hau bas ta bi ta Aston ta ajiye ni kusa da gidanta a unguwar Erdington.

Erdington

Mun sha aiki. Muka yanka tumatir muka busar a oven tunda babu ranar shanya, muka markaɗa tattasai muka zuba a firiza. Akwai kuma bishiyar plum, 'ya'yanta kamar ɗinya amma sun fi girma. Tun makon da ya gabata Gwaggo ta matse su, ta zabga sukari, ta ɗura a kwalabe ta ɓoye a kabad ɗin da tukunyar ɗumama gida take. Ta ce wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyar lambunta ta ce sai an tafasa, ita kuwa ta ce wadda ba ta taɓa jiƙa zoɓo ba ba za ta koya mata haɗa abin sha ba.

Da zan tafi ta ba ni ledar busasshen tumatir da kwalba uku na ruwan plum ɗin. Ta naɗe bakinsu da salatif, ta ƙunshe su a tsohon zane, ta sake bi da salatif, irin ɗaurin da ake yi wa manja in za a hau jirgi. Na ce, Gwaggo sun yi nauyi. Ta ce ni ce zan fara mayar mata da tsaraba?

Hanyar dawowa

Ranar Lahadi motarmu ta tashi kafin azahar. A baya akwai wasu maza da suka dawo daga bikin ɗanɗana giya, suna ta musun wacce ta fi. Saboda warinsu na koma gaba, na ajiye jakar, ashe a bakin hita na ajiye ta.

Sai fam! Jan ruwa ya wanke mini hijabi da siket kamar jini. Wata mata ta ƙwala ihu tana nuna ni. Direba ya shiga wata tashar hutawa, ya ce kowa ya fita, ni kuma in tsaya can nesa ni kaɗai. Babu wanda ya tambaye ni ko na ji ciwo. Matar nan ta ɗaga waya tana ɗaukata, kamar ta kama ɓarauniya a kasuwa. Da jakar wata ce mai gashi a buɗe, wallahi dariya za a yi.

'Yan sanda suka iso. Wa ya haɗa miki jaka? Me ke ciki? Me ya sa aka naɗe shi haka? Turancin da na koya a sakandare duk ya gudu. Abin da kawai nake gani shi ne an ƙwace mini biza, an katse wa maigidana karatunsa, an ce a gida ni ce sanadi.

Ana cikin haka wani mai jan gemu daga cikin mashayan nan ya matso. Ashe ruwan ya shafi hannun rigarsa sa'ad da yake fita daga mota. Ya sansana, ya lasa, ya tambaye ni ko an sa sukari, ko an tafasa, ko an ajiye a wuri mai ɗumi. Na amsa. Ya gaya wa 'yan sandan cewa ruwan ne ya tsima ya zama giya, iskarsa ta rasa hanyar fita. Har da ƙarawa wai ga mai koyo, na yi ƙoƙari.

Ban san lokacin da Turancina ya dawo ba. “Ni? Ni da na canza kujera saboda warinku?”

Wata 'yar sanda daga cikinsu ta ce a hankali, gara in bar maganar mutumin nan ta zauna, don ita ce ke taimakona. Ta sa na kira Gwaggo, na buɗe muryar wayar, kowa na ji.

“Giya a gidana? Nafisa, ba ni mai maganar in ji uban da ya aiko shi!”

“Gwaggo, don Allah ki ce musu plum ne da sukari.”

“To da me ne? Sauran biyun dai kada ki bari su zubar.”

Can bayan wata babbar bola suka kwance sauran biyun a hankali. Kumfa ta yi ta ambaliya, mai jan gemu yana girgiza kai yana cewa an yi asara. Shi kaɗai ne ya miƙo mini ruwa da tishu na goge fuskata. Matar mai waya kuwa ta koma mota, ko kallona ba ta sake yi ba, balle ta ce yi haƙuri. Ban san inda hoton nan ya kai ba.

Gab da la'asar 'yar sandan ta dawo mini da katin shaidata da suka karɓa da ledar busasshen tumatir, wanda ko jiƙewa bai yi ba. Ta ce, “Ba ki yi laifin komai ba. Babu abin da za a rubuta a kanki. Ki tafi gida.”

Na ce alhamdulillahi, na ce mata na gode. A nan bakin titi na zauna, hijabina yana warin abin da ban taɓa sha ba.