Baki na Biyu

A makarantar horon malamai an koya mana cewa magana ba ta tabbata sai baki biyu sun faɗe ta, kuma mai bincike ba ya ɓoye inda ya samo abinsa. Na haddace wannan tsaf, har aka yaba mini. Shekarar da aka tura ni koyarwa Kore Mairuwa na ƙudura rubuta wasan kwaikwayo a kan 'yan bori, na yi alkawarin ba zan ƙagi kalma ko ɗaya ba.

A unguwarmu akwai wani tsohon mai goge. Yana zaune gidan ɗansa, ɗan kasuwa mai wa'azi, wanda bai ba shi ɗaki ba sai da ya tuba daga kiɗa a gaban jama'ar masallaci. Tsohon ya tuba da baki, gogen kuwa ya ɓoye shi cikin rumbun gona. Can yake kai ni da hantsi da sunan duba wake, ya rera mini kirarin doguwa ƙasa-ƙasa, ni kuma ina cika kaye, littafin rubutuna. Bai taɓa cewa in rufa masa asiri ba. Ya ɗauka mutumin da ya yi lakwal, wato boko, yana da hankali.

Saura baki na biyu. Aka kwatanta mini wata tsohuwa a Dumega wadda ta yi bori da ƙuruciyarta. Na hau kabu-kabu na je, na same ta tsakar gida, mata uku suna daka kusa da ita. Na karanta mata, ta gyara mini wuri biyu, sannan ta tambayi wanda ya ba ni. Na faɗi sunansa, da unguwarsa, da ranar da ya rera, yadda aka koya mana. Sai na ji tabarya ta tsaya.

Ran kasuwa labari ya iso. Ɗan ya je gona da kansa, ya fito da gogen ya farfasa a ƙofar gida, ya ce ba ya kwana rufi ɗaya da mai rantsuwar ƙarya. Aka shirya tsohon zai koma Ɗan Kassari wurin wata ɗiyarsa, wadda hatsinta ko damina ba ya kaiwa.

Na tarar da shi bisa amalanke, da tabarma da buta. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ya katse ni, ya kira ni Mushe yadda ake kiran malamin lakwal.

"Mushe, ita tsohuwar mi ta ce? Daidai na ba ka?"

"Ta gyara wuri biyu, Baba."

"Ita ta ɓata. Ko can da ba ta iya ba. Maida su yadda na hwaɗi."

Na ce to. Mai amalanke ya daki jaki, suka bi hanyar rairayi, tsohon yana riƙe da butarsa kada ta faɗi.