Dattijon da Wayarsa ta Tona wa Asiri

A shagon mai gyaran waya muke zaune da wani mutum, benci ɗaya. Dattijo ne mai furfura a gemu. Rigarsa ta sha guga, amma ta yi masa yawa a kafaɗa, alamar ramar ba ta daɗe da kama shi ba. Yana riƙe da wayarsa da yatsu biyu, nesa da jikinsa, kamar wanda ya ɗauko mushen ɓera.

"Goge komai," yake ce wa mai gyaran. "Ciwon nan ban faɗa wa kowa ba, ko uwar 'ya'yana. Wannan abar kaɗai na tambaya. Jiya 'yata ta ara za ta kira mijinta, sai ga tallan asibitin ƙoda, wani na bin wani. Har yanzu kuka take."

Mai gyaran yana lallashinsa: "Baba, akwai wata manhajar da ba ta leƙen asirin mutum. Kyauta ce ma."

"Waccan da na tambaya ma kyauta suka ce. Ɗana, attajiri ba ya watsa wa kaza tsaba don Allah."

Ina jin irin mutanen nan ne da suka ɗauki nauyin gida shekara da shekaru ba a taɓa jin nishinsu ba. Abu ɗaya ya so ya riƙe wa kansa, wato ranar da zai faɗa wa iyalinsa da bakinsa. Ita ma an sayar wa masu talla.

Wayar ta ɗauki ƙara. 'Yar ce. Yana ta kallon sunanta har kiran ya katse, sannan ya dubi mai gyaran, murya ƙasa-ƙasa: "Ɗana, ara mini taka in kira ta."