Hoton Ranar Shiƙa

Ni manomi ne. Kyamarar ma ƙanena ne ya kawo mini tsaraba daga Kaduna, 'yar ƙarama mai shiga aljihu. Idan amfanin gona ya shiga rumbu, nakan zaga da ita wajen suna da ɗaurin aure a Gozaki da kewaye. Wanda ya so hotonsa sai in kai Malumfashi a wanke masa.

Aibina ɗaya, ba na cewa a shirya. Mai hoto na gaske yakan ce a gyara hula, a ɗaga haɓa, a daina dariya. Ni kuwa sai dai mutum ya ji ƙyas. Shi ya sa hotunana suka cika da masu hamma da masu loma a hannu. Limaminmu ya taɓa ce mini, "Malam, kai ba hoto kake ɗauka ba, asiri kake tonawa."

Matata, Allah ya jiƙanta, ita ce kan gaba wajen raina sana'ar. Wata kaka tana shiƙar dawa a tsakar gida, iska ta juya ta watsa mata ƙaiƙayi a fuska, ta fashe da dariya. Na danna.

"Malam! Da wannan tsohon zanen?"

"Ai kin yi kyau."

"Kyau a ina? Kamar wadda aka zaƙulo daga rumbu. In hotona kake so, kai ni wurin masu abin."

Na ɗauke ta a babur muka tafi Funtua. Ta sha lalle, ta ɗaura sabuwar atamfa. Mai shagon ya zaunar da ita gaban labule mai zanen gidan bene, ya kunna fitilu, ya ce ta rufe baki. Bayan nan ya daɗe yana gyara a kwamfuta. Da hoton ya fito sai ga ta fara sol, billen kumatunta ya ɓace, wushiryarta kuma tana cikin rufaffen baki.

Murna kamar ta yi tsalle. "Ka ga aiki! Ko uwar da ta haife ni sai ta tambaya."

Ta rataye shi a saman jeren kwanukanta. Nawa kuwa ta ce in sa shi can ƙasan akwati, kada baƙi su gani. Haka na yi.

Ta rasu autarmu ba ta daɗe da fara tafiya ba. Yarinyar ta tashi ba ta san wata fuskar uwa ba sai ta jikin bango. Ban lura ba, sai ranar da ta dawo daga gidan ƙanwar mahaifiyarta ta tsaya gaban hoton.

"Baba, Inna ta ce na ɗauko Mama sak. Ni ban ga kamar ba."

Ashe yarinya za ta girma tana kewar wata baƙuwa. Na buɗe akwati na miƙa mata na ranar shiƙa. Ta duba, ta sake dubawa, sai ga wushirya a bakinta ita ma.

"Lah! Haƙorana ne! Me ya zuba mata a ka?"

Na ba ta labarin iskar, muka yi ta dariya.

Ranar kasuwa muka koma wancan shagon na Funtua a faɗaɗa hoton shiƙar. Mai shagon ya yi furfura yanzu. Ya ɗaga hoton ya ce, "Malam, haske ya yi yawa ta hagu, kuma an yanke mata gwiwar hannu. Wa ya ɗauka?"

"Wani manomi."

"Da gani. In share ƙaiƙayin?"

"Bar shi."

"Billen fa?"

Kafin in buɗe baki auta ta ce, "Kawu, kada ka taɓa mata komai."

Na Funtua yana nan inda matata ta rataye shi, tunda shi ta zaɓa. Na shiƙar na kafa masa ƙusa a ƙasa da shi, daidai tsayin auta.