Kailu Etidiyan da Ruwan Shuka

A Filinge in ka ce Kailu za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Etidiyan kowa zai nuna maka gidan. Sunan ɗan jami'a ke nan da Faransanci, kuma ya manne masa tun kansa na baƙi har gemunsa ya yi fari fat. Ni Habsatu taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka ina da iznin faɗin abin da na ga dama a kansa.

A zamanin soja ne ya ci jarrabawa ya tafi jami'a a Yamai. Ranar tafiyarsa dangi kaf muka raka shi tasha, ana guɗa kamar an ɗauko amarya. Yana shekararsa ta biyu ɗalibai suka tada bore, aka rufe makarantar, aka ce kowa ya koma gidan ubansa. Kailu ya dawo da akwatin ƙarfe da tabarau da kwat guda. Da aka buɗe makarantar, abokansa suka koma. Shi kuwa fari ya sauka a ƙasarmu ta Kurfai, idon ubansa ya mutu, ga ƙanne cike da gida. Ya ce bari ya ga kaka tukuna, baɗi sai ya koma. Har yau muna jiran baɗin nan.

Sai ya zama manomi, kuma tsakani da Allah manomin kirki. Shekarar da rumbunan mutane suka yi rabi, nasa yakan cika. Amma kada ka kuskura ka yaba masa noma, yanzu zai ɗaure fuska. Yaba masa Faransanci, ranar nan har shayi zai saya maka. Da tabarau yake zuwa gona. Jakinsa ma da Faransanci yake yi masa faɗa, shi ya sa jakin bai taɓa jin magana ba. Da yamma kuma ya zauna a bakin kasuwa da rediyo a kunne, yana warware wa mahauta abin da ke faruwa a ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba.

Bayan soja sun koma bariki, 'yan Kurfai da suka yi jami'a suka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda suke kira amikal. Duk shekara sai su taru a Yamai kwana biyu, a ci, a sha, a tuna da. Suna gayyatar Kailu, shi kuma kullum da dalilinsa: yau akuya ta haihu, gobe ƙafa ke ciwo. Matarsa Dijatu ce ta tona mini asirin. Ashe a ƙarshen taron akwai abin da suke yi, wai kiran shekaru. Za a kira shekarar da aka gama karatu, waɗanda suka fita a shekarar su miƙe, a tafa musu, a ɗauke su hoto. Kailu yana da shekarar shiga, ba shi da ta fita. Abin da yake gudu ke nan, kowa ya tashi a gabansa shi kaɗai yana zaune. Da na ji haka dariyar da na shirya yi masa ta maƙale, tausayinsa ya kama ni.

To, wata shekara sai Magagi ya kira shi a salula. Magagin nan ɗaki ɗaya suka zauna a jami'a, yanzu shi ne shugaban amikal, babban malami ne mai tumbi da sanƙo. Ya ce bana gida za su kawo taron, nan Filinge, kuma Kailu ne mai masaukin baƙi. Ba akuyar da za ta fid da shi wannan karon.

Sun sa rana cikin watan shida, don lokacin ne ofisoshinsu suka ba su sarari. Dukansu 'ya'yan manoma ne, amma zaman Yamai ya sa sun manta abin da ake jira a watan nan. Na sami Kailu na ce, "Kai ba ka gaya musu lokacin shuka na ba?"

Ya gyara tabarau ya ce, "In ce musu mi? Su yi zancen ilimi, ni in yi zancen hadari? Allah shi kiyaye."

Sannan ya rage murya. Tunda ni ce shugabar masu girki, ya roƙe ni alfarma ɗaya. In aka zo kiran shekaru, in fito da gudu in ce tukunya tana ƙonewa, ya zo ya gani. Na ce masa tun da nake girki tukunyata ba ta taɓa ƙonewa ba, amma saboda zumunci zan ɓata sunana.

Ranar Juma'a motoci suka shigo gari a jere. Manyan mutane suka fito cikin shadda, daraktoci da alƙalai da likitoci, suna rungumar juna suna kiran sunayen tsokana na da, waɗanda 'ya'yansu ba su taɓa ji ba. Kailu ya tarye su cikin kwat ɗin nan tasa, wadda maɓallinta ya daina gaisawa da ƙofarsa tuntuni. Da la'asar suka buga ƙwallo a filin makaranta, masu furfura da masu sanƙo. Magagi ya tsaya gola, ƙwallo ta wuce ta gefensa, ya bi ta da kallo ya ce ba da shi take ba. Haske, likita ce a cikinsu, ita ta riƙe usur. Da ta dubi yadda suke haki sai ta hura ta ce an tashi, ba ta zo Filinge don aiki ba. Ranar nan Kailu ya yi dariya har da riƙe ciki, na daɗe ban gan shi haka ba.

Asabar ce babbar rana. Za a yi jawabai, 'yan makaranta su yi waƙa, a dasa itatuwa, a ci abinci, sannan kiran shekaru. Kafin asuba sai sama ta buɗe. Ruwa ne na gaske, irin wanda in ka tona ƙasa da hannu har gwiwar hannu danshi kake ji.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai ya ce ai ruwa ya ɗauke, a ci gaba da taro. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe danshi. In ba ka shuka yau ko gobe ba, sai ka jira wani ruwan, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa. Kafin rana ta fito garin ya watse. Matan da na tara don girki suka sulale ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta rantse mini da kabarin uwarta. Makaɗa suka rataye ganguna. Mai lasifika ya rufe shago. 'Yan makarantar da za su yi waƙa iyayensu suka kwashe su. Wakilin magajin gari ya aiko a ba da haƙuri, wai wani aiki na gaggawa ya taso, alhali an gan shi a kan babur da sungumi a kafaɗa. Aka bar ni ni kaɗai da tukunyar shinkafa, ina hura ɗanyen icce ina zagin duk wanda ya zo bakina.

Baƙi suka hallara ƙarƙashin rumfa, suka zauna suna kallon kujeru wayam. Kailu yana kai da kawowa, yana ba da haƙuri da Faransanci, amma idonsa yana can gabas inda gonarsa take. Ana cikin haka sai ga Dijatu, ƙwaryar iri a ka, sungumi a kafaɗa. Hanyar gonarsu ba ta nan ba ce, da gangan ta biyo. Ta durƙusa ta gaida baƙi da ladabi, sannan ta ce, "Ku yi haƙuri, ni na tahi gona. In kunka ƙare da maigida ku turo mini shi, ko da saura-saura na."

Kailu ya rasa inda zai sa fuskarsa. Haske ta juya ta dubi sauran ta ce, "Wai wa ya sa taro cikin watan shuka?"

"Ku duka kunka sa," in ji ni daga bakin murhu. "Kowanenku ubanshi manomi na, kuma ba wanda ya tuna."

Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Magagi bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya damƙi jiƙaƙƙen rairayi ya shinshina, ya daɗe a haka. Ya ce rabonsa da shuka tun yana saurayi, tun ubansa na da rai. Ya cire takalmi ya ce, "Wa za mu yi ma jawabi, kujeru? Ku tashi mu tahi gonar Kailu."

Na ɗauka Kailu zai hana. Ya buɗe baki, sai na ga fuskarsa ta washe. Lissafinsa a fili yake: in taro ya watse, kiran shekaru ya bi ruwa. Shi ya fara shiga mota.

Yadda ake shuka a wurinmu, mutum ɗaya ke gaba da sungumi yana sara rami a kowane taku, na baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kailu ya shiga gaba, ya tuɓe kwat amma ya bar igiyar wuyan nan ta Turawa. Manyan ƙasa suka jeru a bayansa, shadda a naɗe har gwiwa. Magagi yana zuba iri kamar mai ba kaji, Dijatu tana bin sa tana tsincewa. Wani alƙali ya rufe rami bai sa komai a ciki ba, ya tsaya yana gardama wai ya sa. Haske kuwa ƙafarta ba ta manta ba, nan da nan ta wuce maza tana yi musu tsiya. Masu gonakin maƙwabta suka bar aikinsu suka zo kallo, har wani tsoho ya ce yau ya ga abin da gwamnati ta iya. Kafin azahar sun ci fiye da rabin gonar, layukan a karkace amma dai an shuka.

Na ɗora tukunya a amalanken jaki na same su. Suka zauna ƙarƙashin aduwa, suka ci da hannu, suka suɗe har ƙanzo. Kailu yana tsakiyarsu yana ta zuba, hankalinsa kwance. Sai Magagi ya miƙe, rairayi har a sanƙonsa, ya ce sauran abubuwa sun tafi, amma kiran shekaru ba ya buƙatar lasifika, a nan za a yi shi.

Kailu ya dube ni. Ni ma na dubi tukunya. Ga ta nan a gaban kowa, wayam, ba wuta ba hayaƙi. Ba ni da wata dabara da zan yi masa.

Magagi ya kira shekara ta farko. Tsofaffi biyu suka miƙe da kyar, aka tafa. Kailu ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke a ƙasa.

"Kailu, tashi," in ji Magagi.

"Wagga ba shekarata ba ta."

"To wace ta taka? Yaushe ka hita?"

Na ji kamar in jefi Magagi da ludayi. Kailu ya ce a hankali, "Kai ma ka sani ban hita ba."

"Madalla," in ji Magagi. "Mu duka an sallame mu, mun zama baƙi. Kai ɗai ba a sallama ba, har yau kana ciki. Ke nan duk wanda ya hito, gabanka ya hito. Ba shekarar da za a kira babu kai. Tashi, kana ɓata muna lokaci."

Haske ta ce ta goyi baya, alƙalin nan ya ce hukunci ya yi daidai. Kailu ya miƙe a hankali, yana duban fuskokinsu ko ba'a ce. Ba ba'a ba ce. Suka tafa masa, tsofaffin nan biyu suka sa shi a tsakiya, aka ɗauki hoto. Ya cire tabarau, hawaye suna zuba, bai ko ɓoye ba. Ni ma na yi kuka, na ce hayaƙi ne, Dijatu ta tambaye ni wane hayaƙi.

Ya zauna ke nan aka kira shekara ta gaba. "Kailu, tashi!" Ya tashi. Aka kira ta gaba, ya sake tashi. Mutumin da ya wuni yana sara da sungumi, ga shekaru, ga cikin shinkafa. Tun yana tashi da ƙarfinsa har ya koma dafa ƙasa, har ya koma dafa kafaɗar na kusa. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Don girman Allah ku sallame ni hakanan, gwiwata ta mutu!" Suka ce ba a sallama a gona. Da aka zo kan matasan da suka fita kwanan nan, kasa tashi ya yi, su suka kama shi ta hammata suka ɗaga, yana dariya yana zaginsu da Faransanci. Duk hoton da aka ɗauka ranar nan yana ciki.

Dijatu ta ɗauki ƙwaryar iri ta ce, "In kun gama tada shi da zamnar da shi, gabas ga gona ba a taɓa ba, kuma ƙasa tana shanyewa."

Kailu ya mayar da tabarau, ya ɗauki sungumi ya shiga gaba yana ɗingishi, suka bi bayansa.